Maigida Na So Mu Tare A Filinmu Alhali Gini Bai Ƙare Ba

Assalamu alaikum Anti. Ina roƙon a sakaya sunana. Shekararmu tara da aure, yaranmu biyu, babbar tana aji biyu na firamare, ƙaramin shekararsa huɗu, kuma ina ɗauke da ciki wata biyar. Muna haya a Tudun Jukun da ke Zariya. Mai gidan ya aiko cewa daga ƙarshen Satumba kuɗin zai tashi daga naira 250,000 zuwa 400,000, in ba za mu iya ba mu ba shi gidansa. Maigidana malamin makaranta ne. Shekara huɗu da suka wuce ya sayi fili ta wajen Dakace, ya zuba harsashin gida mai ɗaki huɗu, gini ya kai linta ya tsaya. Bara na sayar da gwal ɗina aka rufa ɗaki ɗaya da falo. Babu filasta, babu silin, tagogi da buhu aka toshe su, katanga sai ta gefe ɗaya da maƙwabci ya ja, banɗaki rami ne da aka kewaye da langa-langa, ruwa kuma sai a rijiyar maƙwabta. Yanzu ya ce mu tare can na wata shida kawai, kuɗin haya a zuba a gini. Ummata da ke Tudun Wada ta ce sam, ba ta aurar da ni don in zauna a kango ba, in ya matsa in dawo gida. Shi kuma ko abinci ba ya ci sosai, yana cewa ba na son ci gabanmu. Wallahi ina so mu huta da haya, amma ina tsoro. Sau ɗaya na taɓa zuwa wurin, shi ma da rani. Ina tsoron dare, ina tsoron naƙuda ta kama ni a can, ina kuma tsoron wata shidan nan ya zama shekara shida. Ki ba ni shawara, in bi mijina ko in bi Ummata?

'Yar uwarki daga Zariya

Wa alaikis salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah ya raba ku lafiya, ya sanya albarka a wannan fili. Bari in faɗa miki matsayina tun yanzu don hankalinki ya kwanta kafin mu shiga bayani. Ina ganin komawa filinku daidai ne, kuma ina so ki yarda da hakan har cikin zuciyarki. Amma ba a ƙarshen Satumba ba, ba da tsohon ciki ba, ba kuma wurin yana nan yadda kika siffanta shi ba. Ba sai kin zaɓi ɗaya tsakanin mijinki da mahaifiyarki ba, domin kowannensu akwai gaskiyar da ya hango wadda ɗayan bai tsaya ya duba ba.

Ki fara sa kanki a matsayin maigidanki. Albashin malamin makaranta sananne ne, yana nan inda yake, kasuwa ce ke gudu ta bar shi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai na gini ya tashi, daga tifar yashi, rodi, kwano, har ladan lebura, kuma a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa. Wanda ya zuba harsashi kafin wannan tashin, kullum lissafinsa na baya ƙara rushewa yake yi. Ginin da ya tsaya a linta kuwa lalacewa yake yi a hankali. Damina na dukan bulo, rodin da ya leƙo yana tsatsa, ciyawa da gara na shiga, ɓarayin kayan gini na zagayawa, wani lokaci ma a wayi gari wani ya ci taku biyu na iyaka. A cikin wannan hali a ce ya ƙirga naira 400,000 ya miƙa wa wani, shekara na zagayowa a sake miƙo masa hannu. Dole abin ya tsaya masa a rai. Maganar da ya yi cewa ba kya son ci gabanku ba adalci ba ce, macen da ta cire gwal daga kunnenta aka sayi kwano ta wuce wannan zargi. Amma ki ɗauke ta a matsayin furucin wanda abin duniya ya dame shi, kada ki riƙe ta a zuci.

Ki kuma cire wa ranki cewa abin kunya ne. Tsofaffin gidajen da kike gani a cikin birni ba rana ɗaya aka gina su ba. Katanga ake fara ja, a yi zaure, a tayar da ɗaki ɗaya ko biyu, a shiga, sauran su biyo baya gwargwadon yadda iyali ke ƙaruwa kuma hali ke samuwa. Ki lura da wannan tsari, katanga ce a gaba, zan dawo kanta.

Inda na saɓa da maigida shi ne maganar wata shida. Ban ce yaudararki yake yi ba, ina kyautata zaton shi ma abin da yake fata ke nan. Amma gida mai ɗaki huɗu da ya tsaya a linta yana jiran ƙarin bulo, katakon rufi, kwano, filasta ciki da waje, ƙofofi, tagogi, daɓe, wayar wuta da sokawe. Kuɗin hayar shekara ɗaya ba za su yi wannan ba, na shekara biyu ma da wuya. Sannan akwai abin da ke faruwa da kusan kowa: da zarar an shiga gidan kai, babu mai ƙwanƙwasa ƙofa yana neman kuɗin haya, sai gaggawar ta ragu. Kuɗin makaranta su taso, suna ya zo, azumi da salla su biyo, gini ya koma sai an samu sarari. Don haka tsoronki na cewa wata shida zai zama shekara shida yana da tushe. Sai dai sa shi ya rantse miki a kan ranar gamawa ba zai amfane ki ba, rigima kawai zai haifar ranar da wa'adin ya cika. Abin da zai amfane ki shi ne ku shirya wurin kamar za ku shekara uku a ɗaki da falon nan. In Allah ya kawo buɗi kafin nan, alhamdu lillahi. Wannan kuma yana canza inda kuɗi za su tafi. A daina raba su a kan ɗakuna huɗu da babu mai kwana cikinsu, a tara su a gama ƙaramin ɓangaren da za ku zauna, a gama shi da kyau.

Umma kuwa ba girman kai ke damunta ba, ko da kalmar da ta yi amfani da ita ta yi zafi. Uwa ce da ke hango 'yarta da tsohon ciki a ɗakin da buhu ne tagarsa. Addini ma yana tare da damuwarta. A Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 6, Allah ya umarci maza su zaunar da mata inda suke zaune gwargwadon halinsu, kada kuma su cutar da su don su ƙuntata musu. Ayar tana magana ne a kan masu idda, malamai suka ce matar da ke cikin aure ta fi cancanta da wannan haƙƙi. Abu biyu ayar ta haɗa, gwargwadon hali da rashin cutarwa. Ƙanƙantar ɗaki ko rashin fenti ba laifi ba ne a kan mijinki. Wurin da ba ya rufuwa, ba ya suturta mace, ba shi da amintaccen ruwa, wannan kina da haƙƙin ki ce a gyara kafin ki shiga, kuma faɗin haka bai zama rashin biyayya ba.

Yanzu abin da nake so ki fara yi a makon nan. Kin ce sau ɗaya kika je, da rani. Gani ya kori ji, kuma kin yi sa'a damina ce, ga watan Agusta da ruwa ya fi ƙarfi yana tafe. Ki roƙi maigida ya kai ki washegarin ranar da aka kwana ana ruwa. Ki duba ko adaidaita na iya shiga har ƙofa, ko sai an sauka a bakin titi an taka taɓo. Ki duba jikin bulon daga ƙasa, in ruwa na kwanciya za ki ga shatinsa, layi mai duhu ko gansakuka. Ki duba ta ina ruwan unguwar ke bi, domin wannan yanki yana kusa da kogin Galma, kuma akwai filayen da da rani sai ki rantse tudu ne, da damina su koma fadama. Ki shiga ɗakin ki ɗaga kai ki ga ko haske na leƙowa ta ramin ƙusa, ki taɓa ƙasan ki ji ko akwai danshi.

Daga nan ki bar maigida da maza, ke ki yi sallama gidajen maƙwabta. Abin da mata za su gaya miki cikin rabin sa'a, dillali ba zai taɓa faɗarsa ba. Ki tambaye su gida nawa ne ake kwana a ciki a layin, ba gida nawa aka gina ba. Ki tambaya ko rijiyarsu na kai watan Maris da Afrilu ko ƙafewa take yi, in ta ƙafe nawa 'yan ga-ruwa ke sayar da jarka. Ki tambaya ko akwai 'yan sintiri, nawa ake tarawa, ko an taɓa shigowa da dare. Ki tambaya in naƙuda ta kama mace ƙarfe biyun dare wa ke da mota, kuma ina ake kai ta. Ki ciro wayarki ki ga ko akwai sabis a cikin ɗakin. Sannan ku sake komawa wata rana ku yi magariba a can, ki ga yadda unguwar take in duhu ya shiga. Maganar tsaro ba ta wasa ba ce a gefen Zariya, kowa na tuna harin da aka kai kwalejin Nuhu Bamalli a watan Yunin 2021 da waɗanda aka yi ta kai wa unguwannin bayan gari a shekarun. In kika tarar gida biyu ko uku ne kawai ake kwana a cikinsu, tsakaninsu gonakin masara, to duk sauran abin da zan faɗa a jingine shi, ku nemi ƙaramar haya mai sauƙi ku ƙara shekara guda har unguwar ta cika. In kuwa akwai jama'a, akwai masallaci da ake cika sahu a sallar asuba, to mu ci gaba.

Ki tambayi maigida, cikin ladabi, wace takarda ke hannunsa. Takardar ciniki mai sa hannun dillali da shaidu da hatimin mai unguwa tana da amfani, amma ba ita ce shaidar mallaka ta gwamnati ba. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ƙasa tana hannun gwamnan jiha ne a matsayin amana. A Jihar Kaduna hukumar KADGIS ce ke rajistar filaye da ba da takardar mallaka, KASUPDA kuma ke ba da izinin gini. Mutanen Zariya sun ga rusau da idonsu, kamar na unguwar Graceland a 2021, inda aka rushe gidaje da yawa bisa cewa filin na kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ne. Kafin a ƙara zuba ko buhu ɗaya na siminti, ya je ya tabbatar filin bai faɗa cikin na wata hukuma ba, ba ya kan hanyar da aka shata, ba ya ƙarƙashin babbar wayar wuta. In bai fara neman takardun ba, ya fara.

Sai abin da dole a yi kafin ki kwana a can. Na farko katanga da ƙofa. In kuɗi ba su kai a zagaye filin duka da bulo ba, a ja katanga ta kewaye ɗaki da falon da ɗan tsakar gida da banɗaki da wurin girki, ta jingina da ta maƙwabci, sauran filin a bar shi a waje. Wannan zai yi miki aiki biyu. Zai ba ki sutura da wurin shanya da shan iska, zai kuma raba ki da magina da leburori ranar da aiki ya tashi, su shiga ta nasu ɓangaren ba tare da sun ratsa ta kanki ba. Ƙofar ɗaki ta zama ta ƙarfe mai sakata ta ciki, tagogi a sa musu ƙarfe da ragar sauro da murfi. A toshe tsakanin saman bulo da kwano, don ta nan sauro da jemage da ƙurar hunturu ke shiga, ta nan ne kuma iskar farkon damina ke samun hanyar ɗaga rufi. A kira kafinta ya duba ko an ɗaure katakon rufin da jikin gini sosai, saboda rufin da aka yi wa rabin gida ya fi saurin yayewa. A yi daɓen siminti da filastar ciki ko da ɗakin kwana kaɗai ne. Daɓe yana son a yi ta ba shi ruwa aƙalla mako guda, sannan a bar shi ya bushe sarai, jariri ba ya kwana a ɗakin da ke fitar da danshin sabon siminti. Silin ko na mafi araha ne a sa, in ba haka ba sanyin Disamba zai sauko muku kai tsaye, zafin Afrilu kuma ya hana ku zaman ɗaki da rana.

Banɗaki da ruwa su ne inda aka fi yin sakaci, kuma su ne ke kai yara asibiti. Ramin da aka kewaye da langa-langa bai isa ba. A zuba masa murfin kankare mai ƙarfi da ƙaramin baki da abin rufewa, a gina shi da bulo, a sa ƙofa, ya kasance cikin katanga yadda ba sai kin fita waje da dare ba. In za ku haƙa rijiya, masana lafiya na son a bar tazarar kamar mita 30 tsakaninta da masai, kuma ta kasance ta sama da shi, ba inda ruwa ke gangarowa ba. Fulotin da aka saba, mai ƙafa 50 da 100, tsawonsa duka kusan mita 30 ɗin ne, ke nan rijiya a wannan ƙarshe, masai a wancan, a kuma leƙa a ga ina maƙwabci ya haƙa nasa. Rijiyar a ɗaga bakinta, a yi mata murfi mai kwaɗo. Kafin a samu halin haƙawa, a yi magana ta fahimta da masu rijiyar da za ku riƙa ɗiba, a san wa zai riƙa ɗebowa, domin mai jego ba za ta yi ta jan guga ba. Ruwan sha kuma a tafasa ko a sa masa maganin tsarkake ruwa.

Ɗanki mai shekara huɗu shi na fi ji a wannan tafiya. A wurinsa filin gini wurin wasa ne. Ramin sokawe da aka haƙa aka bari a buɗe, duron ruwan magina, tulin bulon da zai iya rusowa, katako mai ƙusa a kwance, rodi a tsaye, duk suna daidai tsayinsa. Kada a haƙa ramin da ba a shirya rufe shi a makon ba. Duro a rufe shi. Tulin bulo da katako a nisanta su da ɗaki, a kuma share ciyawar kewaye, don nan kunama da maciji ke fakewa. Siminti kada ya kwana ɗaki ɗaya da ku, ƙurarsa na cutar ƙirji, jiƙaƙƙensa na cin fata. Dama ajiye shi da yawa asara ce, yana jan danshi ya daskare cikin 'yan watanni, gara in kuɗi sun samu a buga bulo a jera. Abu na ƙarshe a nan, kuma ki riƙe shi da kyau: komai sanyin hunturu kada a shigar da kurfotin gawayi ɗaki a rufe ƙofa, kada kuma a kunna janareta a falo ko a ɗakin da ba a gama ba da ke manne da naku don tsoron ɓarayi. Iskar da ke kisa a cikin hayaƙinsu ba ta da wari, mutane na kwanciya lafiya a wayi gari babu su. Ƙaramar sola mai ƙwai biyu ko uku da wurin cajin waya ta ishe ku farawa.

To yaushe za a yi duk wannan, ga wa'adin mai gida na matsowa? A lissafina haihuwarki za ta faɗo wajen Nuwamba. Maigida ya samu dattijon da mai gidan ke jin nauyinsa, a roƙe shi ya karɓi kuɗin wata uku a sabon farashi maimakon na shekara. In ya yarda, shi ke nan. In ya ƙi, ga hanyar da na fi so, domin tana sa Umma cikin shirin maimakon ta tsaya a gefe tana adawa. A ƙarshen Satumba a kwashe kaya a kai fili a kulle a falo, maigida ya riƙa kwana can yana tsaye kan aiki, ke da yara ku sauka wurin Umma ki haihu a gabanta ki yi arba'in. Daga Tudun Wada asibiti na kusa da ke, ko na Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ko wanda kike awo, alhali daga Dakace zuwa asibitin koyarwa da ke Shika sai an ratsa gari duka. 'Yarki kuma ta ƙarasa zangon farko a makarantarta ba tare da an cire ta a tsakiya ba. Ruwa na ɗaukewa a Oktoba, aikin gini ya fi sauri da rani. Zuwa Janairu ki tare a gidanki da jaririnki, an gama abin da muka lissafa.

Sharaɗin wannan hanya shi ne kada ta yi kama da yaji. Maigida da kansa zai je ya durƙusa gaban Umma ya ce ga shirinsa, ga abin da zai gyara, yana roƙon ta riƙe masa iyalinsa na wata uku, kuma cefanenku yana wuyansa. Ya kuma ɗauke ta ya kai ta filin kafin a fara aiki da bayan an gama. Uwar da aka nemi alfarmarta aka nuna mata wuri da idonta ba ta cika tsayawa kan bakanta ba. Tunda maganar jego ta zo, ki roƙi Umma a sassauta kunun kanwa da zafin wanka. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego a ƙasar Zazzau, suka danganta shi da yawan kanwa da tsananin zafin da ake gasa mai jego da shi. In kika ga ƙafa na kumbura ko numfashi na yi miki wuya, asibiti za a nufa a ranar.

Akwai maganar da ba ki tambaye ni ba amma ba zan tsallake ta ba, maganar gwal ɗinki. Dukiyar mace tata ce a Musulunci, aure bai mayar da ita ta miji ba. Kyauta kika ba shi, ko rance, ko kuwa kin shiga cikin mallakar gidan ne da gwargwadon abin da kika sa? Duk wanda kika zaɓa halal ne, amma a faɗe shi a fili a rubuta, da shaidu biyu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, saboda haka babu rashin yarda a cikin neman a rubuta. Rai a hannun Allah yake. In ta Allah ta kasance, gidan da ke da sunan miji kaɗai gado ne, matar da mijinta ya bar 'ya'ya tumuni take samu, wato kashi ɗaya cikin takwas, kuma in akwai abokiyar zama tumunin nan za su raba. Bashi kuwa ana fitar da shi kafin a raba gado, amma sai in an san da shi. Ki zaɓi lokacin da ransa ke sanyi ki kawo maganar, bayan kun daidaita a kan tarewa, ba a tsakiyar wannan taƙaddama ba.

Yadda za ki buɗe masa magana yana da muhimmanci, don yanzu kunnensa “a'a” kawai yake jira daga gare ki. Ki ba shi abin da bai zata ba. Bayan ya ci abinci, yara sun yi barci, ki ce masa: “Malam, na yarda mu koma gidanmu, ni ma na gaji da haya. Abin da nake roƙo a yi min katanga da ƙofa, a gyara banɗaki, a yi daɓe da tagogi, a san inda ruwa zai fito, kuma ka bar ni in haihu kusa da asibiti. Zo mu lissafa nawa za su ci.” Ku ɗauko takarda ku rubuta tare, ku sa har da abin da ba ya cikin lissafinsa na yanzu: kuɗin man babur ko na mota daga Dakace zuwa wurin aikinsa kullum, kuɗin kai yarinya makaranta ko na canza mata wata, kuɗin ruwa, kuɗin sintiri. Wataƙila ku ga ribar barin haya ba ta kai yadda yake zato ba, amma tana nan, kuma gara ya gan ta a takarda da ya ji ta daga bakinki. Ku kuma yanke wani abu da za a riƙa cirewa kowane wata ana sayen bulo da shi, ko ta hanyar adashi, don kada ginin ya kwanta bayan kun shiga.

Umma kuma ki je mata ke kaɗai tukuna. Kada ki kai mata ƙarar mijinki, kada ki maimaita mata maganar da ya yi miki cikin fushi. Ki ce kin ji tsoronta kuma kin sa sharuɗɗa saboda shi, ki lissafa mata su, ki ce addu'arta kike nema.

Idan kuwa, Allah ya kiyaye, ya ƙi sauraron komai ya dage sai kin tare a ƙarshen Satumba a ɗakin da babu taga babu katanga, to kada ki yi gardama da shi ke kaɗai, kada kuma ki kwashi kaya ki fita cikin fushi. Ki sanar da waliyyinki ko wani babba a danginsa da yake jin maganarsa, a zauna, a kai su wurin su gani. Ban zaci za a kai ga haka ba. Mutumin da ya kasa cin abinci saboda tunanin inda zai sa iyalinsa, in ya ji kin ce kin yarda, sauran zai zo da sauƙi in sha Allahu.

Ranar da za ku je dubawa ki sa takalmin da ba ya santsi, ki tafi da katin awonki a jaka, kada kuma ki hau babur a wannan hanya da cikin nan, ku ɗauki adaidaita. In kin dawo ki rubuto min abin da matan unguwar suka gaya miki game da ruwa da dare, daga nan za mu san ko Janairu za a tsayar ko a ƙara jinkirtawa.